Nomau da Ƙafafun Gajeriya

A Rafin Kanya akwai wani gida mai zaure biyu, a bakin hanyar da ke zuwa tsohuwar rumfar awon auduga. Mutum uku ne a cikinsa: Baffa Bagudu, tsohon direba, da ɗan ƙanensa Nomau, da matar Nomau, Tasalla. Ta huɗunsu mota ce.

Nomau ya ba shekara arba'in baya. Yana da ƙarfi, yana da kunya, bai taɓa yi wa kowa ƙarya ba, kuma ba a taɓa aikensa ya ƙi zuwa ba. Aibinsa guda ne: abin da aka faɗa masa shi yake yi, ba ragi ba ƙari. Yawancin mutane in an sa su aiki sukan cike maganar da abin da suka san mai maganar yake nufi. Nomau yana ganin wannan rashin ladabi ne, kamar ka gyara wa babba zance a bakinsa. Tasalla ta shekara goma sha takwas da shi, ta kuma koyi yadda ake yi masa magana. Ba ta cewa ya duba mata tukunya. Sai ta ce ya duba tukunya, in ta tafasa ya sauke, in ya sauke ya kira ta. Takan ce ta ga mazan da ke jin rabin magana su yi rabin aiki, ita nata ya fi mata.

Motar kuwa 'yar ƙarama ce, doguwar gaba, mai kujera biyu kacal da rufin tamfol da ake naɗewa. Saboda kusancinta da ƙasa mutanen gari suke ce mata Gajeriya. Ta manajan kamfanin gurzar auduga ce, wanda Baffa ya yi wa tuƙi shekara ashirin da biyu. Ranar da manajan zai koma ƙasarsu, ya miƙa wa Baffa makullin. Baffa ya hau ta 'yan shekaru, kayan gyaranta suka ƙare a kasuwa, aka ɗora ta a kan duwatsu a zaure na biyu. Kaji da yawa a Rafin Kanya a ƙarƙashin sitiyarinta aka ƙyanƙyashe su.

Da haka za ta ƙare, ba don idon Baffa ba. Likitan ido a birni ya gaya masa gaskiya: ciwon da ke cin ganinsa ba ya mayar da abin da ya ci, maganin ɗigawa jinkiri kawai yake sa shi. Baffa ya dawo gida, ya aika aka kira masa Sallau bakanike, ɗan ƙanwarsa.

"Ina so in tuƙa ta da hannuna zuwa rumfar awo in dawo," in ji shi. "Sau ɗaya. Tun ina ganin hanya."

Sallau ya shekara guda a kanta. Ya ta da injin, ya canza wayoyin wuta, ya sa aka yi mata jan fenti. Saura ƙafafu. Tsofaffin wilinta masu waya ne kamar na keke, tsatsa ta cinye su, sun lanƙwashe. Sallau ba zai iya rufe gareji ya tafi yawon nema ba, Baffa kuma ba ya gani sosai. Saboda haka aikin ya faɗa kan Nomau. An yi sa'a akwai Jibo mai kayan gwanjo a kasuwar kayan mota ta birni, wanda ya yi wa Baffa yaron mota a zamanin da, yanzu shi ma ya yi furfura. Jibo ya aiko da cewa duk abin da ake so a ɗauka a gwada, in bai yi ba a mayar.

Kullum da safe Baffa kan zauna a dakalin ƙofar gida ya auna abin da ya rage masa. A lokacin yana iya hango kukar bakin rafi.

Wata rana Sallau ya kwance ɗaya daga tsofaffin wilin, ya miƙa wa Nomau. Shi ɗan mace ne, Nomau ɗan namiji, saboda haka akwai wasan taubasantaka a tsakaninsu, sai dai Sallau kaɗai ke yin wasan.

"Ubangidana, ga shi. Ka kai wa Jibo ya auna. Kasuwar nan akwai masu saurin hannu, kada ka yarda ya bar hannunka."

"To."

A tasha kwandasta ya so ya ɗaure wilin a saman mota, Nomau ya ƙi. Ya zauna da shi a cinya. Wata karyayyiyar waya ta kama mayafin wata mata, tsatsa ta yi wa wani malami zane a farar riga, aka yi ta faɗa har birni. Don kada gyangyaɗi ya sa ya sake shi, Nomau ya zura hannunsa ta ramin tsakiya har gwiwar hannu.

Jibo ya tarbe shi, suka gaisa, ya tambayi jikin Baffa, sannan ya miƙo hannu.

"Kawo in gani."

"Gani dai ga shi kana gani."

"Kwantar da shi zan yi in auna bayansa."

"An ce kada ya bar hannuna."

"Ai ni aka aiko ka wurina."

"Haka ne. Amma ba a ce ban da kai ba."

Jibo ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya kira maƙwabta suka yi shaida cewa shi ne Jibo. Nomau bai musa ba. Da yamma ya dawo gida, hannu ya kumbura a cikin ramin, sai da Tasalla ta yi ta shafa man gyaɗa kafin ya fita.

"Awon fa?" in ji Sallau.

"Ya ce in na sake shi zai auna."

"Ka sake shi?"

"Ka dai san ni."

Wata rana Sallau ya sake shiri. Ya zaunar da Nomau a kan benci, ya yi magana a hankali.

"Wannan karon ka ba Jibo ya riƙe, ya juya, ya yi abin da ya ga dama. Ka ce guda huɗu muke so, irinsa sak."

Nomau ya kwana uku a birni. Jibo ya fito masa da wili masu lafiya, ko da yake ba masu waya ba, Nomau ya dube su, ya dubi na hannunsa, ya girgiza kai. Wannan ba shi da tsatsa. Wannan bai lanƙwashe ba. Da Jibo ya gaji, ya nuna masa tudun ƙarafan da ake tara wa masu narkarwa, ya ce ya je can ya nemi abin da ransa ke so. Nomau ya tone tudun nan har ƙasa, ya kuwa samo huɗu masu waya, kowanne ya ci duniya. Uku sun yi daidai da samfurin a lalacewa. Na huɗun bai lanƙwashe sosai ba, sai ya ari guduma, ya ajiye samfurin a gabansa, ya yi ta bugu yana dubawa har lanƙwasar ta zo wuri ɗaya. Ya lura samfurin ya rasa waya uku, ya ari almakashin ƙarfe ya daidaita sauran.

Ya jera su biyar a ƙofar gida. Sallau ya daɗe a tsaye yana kallo.

"Wanne ne namu?"

"Ni ma na kasa ganewa," in ji Nomau, fuskarsa cike da jin daɗi.

Baffa ya sa aka kawo masa su ɗaya bayan ɗaya ya shafa. Ya yi dariya har sai da ya goge ido da hannun riga. Bai gaya wa kowa ba cewa a safiyar nan ya nemi kukar bakin rafi ya rasa, rijiyar unguwa ce iyakarsa yanzu.

Wata rana Sallau ya ce a bar maganar waya.

"Lafiyayyu kawai. Sababbi, masu ƙyalli, faɗinsu kamar wannan. Abu ɗaya za ka riƙe: ramukan noti huɗu ne. Nawa na ce?"

"Huɗu."

A ranar Jibo ya tafi jana'iza, ya bar wa maƙwabci shago da saƙon cewa in mutumin Rafin Kanya ya zo a ba shi abin da ya nuna. Nomau ya sami wili huɗu masu sheƙi, har mutum na ganin fuskarsa a jiki. Faɗi ya yi. Ya ƙirga ramuka, biyar. Ya sake ƙirgawa ta ɗaya ɓangaren, biyar dai. Ya zauna ya yi tunani, abin da ba ya yi da gaggawa, sannan ya ɗauke su zuwa wurin mai walda.

"Ka toshe mini rami ɗaya a kowanne."

Mai walda ya ɗaga baƙin gilashinsa. "Ka tabbata?"

"Huɗu aka ce."

Mai walda mutum ne mai son aikinsa. Ya cike ramin, ya goge, ya shafe, har ba ka cewa an taɓa huda wurin. A gida Sallau ya ɗaga wili ɗaya ya kai jikin motar. Ƙusa ɗaya ta shiga raminta, sauran ukun suka tokari ƙarfe. Ya juya, wata ta shiga, uku suka tokara. Ya ajiye, ya zana a ƙasa da tsinke: ramuka huɗu suna zama ne suna kallon juna kamar kusurwoyin ɗaki, biyar kuwa zagaye suke yi, in ka toshe ɗaya sauran ba za su matsa su cike gurbinsa ba.

Nomau ya tsuguna ya sa yatsa. "Ɗaya, biyu, uku, huɗu."

"Ubangidana, da za a ce a kawo akuya mai ƙafa uku, na san abin da za ka yi."

"Wa ya ce a kawo?"

Jibo ya karɓi kayansa ya haƙura, saboda Baffa ne ya koya masa riƙe sitiyari.

Wata rana Baffa da kansa ya sa baki, don ya ga kwanaki na tafiya.

"Nomau, ba a rasa masana a duniya. Ka je tasha ka tambayi masu tuƙi. Abin da suka ce ka yi."

Nomau ya tambayi mutum huɗu. Direban gingimari ya ce babban wili shi ne mutuncin mota. Mai a-daidaita-sahu ya ce ƙarami ya fi, ba ya shan mai. Direban tarakta ya ce damina na tafe, a nemi mai haƙora. Wani mai tasi ɗan gayu ya ce in ba mai faɗi ba, kada ma a fito da motar a ji kunya. Dukansu masu tuƙi ne, dukansu sun yi magana, motar kuma ƙafa huɗu gare ta. Nomau ya ga lissafin ya fita da kansa. Sai da aka yi hayar amalanke daga tasha. Ya jingina kowane wili a kusurwarsa, na tarakta ya kusa taɓa rufin zaure, na a-daidaita-sahu bai kai gwiwa ba.

Baffa ya shigo yana dafa bango, ya tsaya ya ƙura ido.

"Sallau, wa ya ajiye injin niƙa a zaurena?"

Wannan karon Sallau bai yi dariya ba, Tasalla ma haka. Tazarar da ke tsakanin Baffa da motar ba ta fi taku shida ba.

Wata rana da hantsi Tasalla ta ajiye tsintsiya ta shiga zaure na biyu da kwalin taliya a hannu. Duk wannan abin tana kallo. Ta lakato baƙin tukunya ta shafa a kan ƙusoshi huɗun da wili ke hawa, ta manna kwalin ta danna. Tabo huɗu suka fito. Ta huda su da wuƙa, ta ɗora tsohon wilin ta zagaye bakinsa da gawayi, ta yanke. Haka take yi in za ta aika a sayo mata murfin tukunya, sai dai can tsinke take karyawa. Sallau ya karɓi kwalin ya juya shi, ya ce ai shi ma ya yi wannan tunanin. Tasalla ta ce ta sani.

Ta kira mijinta, ta yi masa magana irin tata.

"Malam, duk wilin da ka gani, ka ɗora masa wannan. In baki ya hau baki, rami ya hau rami, kuma bai lanƙwashe ba, tsatsa ba ta huda shi ba, ka ɗauko. Guda huɗu, duk iri ɗaya. Ba ka bugun komai, ba ka toshe komai."

Ko ita, da shekarunta goma sha takwas tare da shi, ta bar ƙofa ɗaya a buɗe. Nomau ya fara da baron da ke ƙofar gida. Ya gwada amalanken maƙwabci, da keken liman, da baburan da ke gindin dalbejiya. Tashar da ba ta fi tafiyar minti goma ba, sai la'asar ya isa. A birni masu gadin wani banki suka same shi tsugune a jikin motar wani attajiri, suka cafke shi. Ya nuna musu kwalin, ya ba su labari tun daga ciwon idon Baffa. Suka dubi juna suka sake shi, shi kuma kafin ya tafi ya nemi izini ya gwada keken ɗayansu.

A shagon Jibo ya kwana biyu yana ɗora kwali. Babu wanda ya hau. Rana ta uku da azahar, Jibo ya tafi masallaci, Nomau ya miƙe don ya miƙar da bayansa, ya ɗaga kai. A saman shagon akwai wili huɗu da aka danne kwano da su don kada iska ta ɗauke. Wili ne, kuma ya gan su. Ya ari tsani ya hau.

Masu waya ne. Wani ya taɓa dulmuya su cikin baƙin fenti mai kauri, shi ya hana tsatsa shiga. Jibo ya jefa su can tun shekarar da ya gina shagon, ya manta. Baki ya hau baki, rami ya hau rami. Nomau ya sauko da su ɗaya-ɗaya, ya gaya wa maƙwabci ya samu, ya kama hanyar tasha. Da yammacin nan hadarin farko na shekara ya taso. Kwanon shagon Jibo ya tashi gaba ɗaya, ya sauka a layin masu sayar da batir.

Bayan kwana shida Jibo ya zo Rafin Kanya da kansa, da maganganun da ya shirya tun daga birni. Kafin nan Sallau ya kankare fentin, mai gyaran keke ya ɗaure wayoyin ɗaya bayan ɗaya, mai faci ya sa sababbin tayoyi sirara. Jibo ya shigo zaure ya tarar an janye duwatsun da ta shekara talatin a kai, Gajeriya na tsaye da ƙafafunta. Ya zagaya ta sau biyu. Ya tsuguna ya kaɗa waya ɗaya da farce, ta yi ƙara siririya.

"Maigida," ya ce wa Baffa, "ta tashi."

"Ka zo da magana, Jibo?"

"Na manta ta a mota."

Aka sa ranar Asabar. Saura birki, wanda Sallau ya ce sai ya je birni da kansa ya nemo masa roba.

Ranar Talata da safe Tasalla ta fito share ƙofar gida ta sami Baffa a dakali, fuskarsa na kallon hanya.

"Tasalla, tsaya. Daga ina hanya ta ƙare, gonar liman ta fara?"

Ta nuna masa da tsintsiya.

"Ni a wurina duk ƙasa ɗaya ce, ja. Mun makara da 'yan kwanaki." "Ranar Asabar zan ba Sallau makulli, in zauna a gefe. Kada ki gaya musu yanzu. Sun sha wahala."

Ta ce to, ta ci gaba da shara, ta share wuri ɗaya sau uku.

Wata rana, wato wannan Talatar dai, Sallau na shirin hawa babur ya tuna da sababbin tayoyin Gajeriya. Akwai wasu manyan duwatsu masu kaifi wajen kwalbati, su yake tsoro.

"Ubangidana, kafin in dawo, duwatsun hanyar nan ka kau da su gefe. Ka shafa musu farar ƙasa don a gan su."

"To."

Daga ƙofar gida zuwa rumfar awo ya fi mil guda, hanyar kuma ta tsakuwa ce. Nomau ya fara daga bakin zaure. Duk dutsen da ya isa a kira shi dutse ya ɗauka. Na dama ya kai gefen dama, na hagu ya kai gefen hagu, na tsakiya ya raba su adalci. Bai tara su tsibi-tsibi ba, don in aka tara na ƙasa ba za a gan shi ba, an kuwa ce a gan su. Ya jera su ɗaya kusa da ɗaya. Sannan ya bi su da ƙwarya da tsumma. Farar ƙasar da Tasalla ta ajiye don shafen ɗakinta ta ƙare tun kafin gonar liman, ya tafi bakin rafi ya haƙo wata.

Kwana uku yana abu ɗaya. Masu wucewa suka yi ta tsayawa. Wani ya tambaye shi ko gwamnati ce ta ba shi kwangila. Maigari ya aiko a ji ko wani babban baƙo ne ke tafe ba a gaya masa ba. Mata masu zuwa rijiya suka ce bana har duwatsu sun yi kwalliya. Nomau ya amsa wa kowa gaisuwa, ya ci gaba.

Sallau ya dawo ranar Juma'a da yamma. Tun daga rumfar awo ya rage gudu. Ya sami Nomau a ƙofar gida, fari fat har gira.

"Guda huɗu nake nufi. Huɗun nan na wajen kwalbati."

"Ba ka ce huɗu ba."

"Wata rana sai na ce maka ka kwashe rafi da ludayi."

"Wane rafin?"

Asabar da hantsi rabin gari ya taru. Sallau ya fito da Gajeriya ya tsayar da ita a bakin hanya, rufi a naɗe, ya kashe, ya kawo wa Baffa makulli kamar yadda ya kamata. Baffa ya fito cikin tsohuwar rigar kakinsa ta aiki, wadda Tasalla ta goge masa. Ya karɓi makullin, ya juya shi a tafin hannu, ya miƙa wa Sallau.

"Sallau, kai za ka..."

Bai ƙarasa ba. Kansa ya juya wajen hanya, hannun na nan a miƙe.

"Mene ne wancan?"

"Aikin ubangidana ne, Baffa. Na ce ya kau da duwatsu huɗu."

"Layi biyu ne?"

"Biyu."

"Farare. Na hagun ya karkata can gaba kaɗan?"

"Ya karkata, wajen gonar liman."

Baffa ya janye hannunsa, ya rufe yatsu a kan makullin. Tasalla, da ke tsaye a bakin zaure, ta ja mayafi ta rufe bakinta.

Ya laluba murfin ƙofa ya buɗe, ya zauna. Ƙafafunsa suka sami wurarensu ba tare da ya duba ba. Kujera ɗaya ta rage, Sallau ya taho zai zagaya.

"Nomau, shigo."

"Baffa, ni ne fa bakaniken."

"Na sani. Shi kuma ya san hanyar nan dutse-dutse."

Nomau ya kakkaɓe jikinsa, ya cire takalmi, ya shiga ya riƙe su a cinya. Injin ya tashi. Gajeriya ta ɗan yi tsalle, ta daidaita, ta shiga tsakanin fararen layukan nan biyu. Da farko tafiyar ba ta fi ta mai keke ba. Sun wuce gonar liman, sun bi lanƙwasa, sun haye kwalbati. Inda hanya ta miƙe, waɗanda suka biyo su da gudu suka ji ƙarar injin ta sauya, ta sake sauyawa, wayoyin ƙafafun suka ɓace cikin walƙiya ɗaya, hular Nomau ta tashi ta faɗa gona. Sallau ya tsaya yana haki, ya ce giya ta uku ce, tsohon nan ya sa ta uku.

A gaban rumfar awo Baffa ya taka birki, ya kashe injin. Ya bar hannuwansa a kan sitiyari. Sun daɗe a haka, ba abin da ake ji sai ƙarfe mai zafi na ƙyas-ƙyas yana hucewa. Nomau ya jira har ya tabbata babba ba zai fara magana ba.

"Baffa, an gama ganinsu? In mayar da su inda na ɗebo su?"

Baffa ya juyo ya dube shi, ko inda yake jin yana nan.

"Bar su, Nomau. Sai ran da na ce maka na daina ganinsu."

"To."

Sau bakwai Baffa ya ƙara tuƙa Gajeriya a daminar nan, sannan ya bar makullin a aljihu bai ƙara fito da shi ba. Duk ruwan da aka yi, Nomau kan bi duwatsun da ƙwarya da tsumma ya sake shafe su. Kowace safiya kuma yakan tsuguna gaban dakali, ya gaida Baffa, ya tambaye shi ko yana ganinsu. Baffa ya ce yana gani. Tasalla, wadda yanzu ita ke kama hannunsa ta ɗora masa a kan kofin shayi, ta san gaskiya. Takan dai koma ciki ta ƙara jiƙa farar ƙasa.